Minti ɗaya da agogo: mu koyi ƙirga numfashin ƙannenmu



Hunturu ya shigo. Duk wanda ya tsaya a taron safe ya san haka, domin tari ya kusa fin taken ƙasa ƙarfi. A gida ma haka abin yake. Kusan kowannenmu yana da ƙane ko ƙanwa mai tari da majina a yanzu. Yawancinsu mura ce, za ta wuce. Amma a cikinsu akwai wanda nimoniya ce ta kama shi, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, ita kuwa tana iya kashe ƙaramin yaro cikin 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cutar ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yin wannan asara.

Abin da ya sa muka rubuta wannan shi ne labarin wata 'yar ajinmu. Ƙanenta ɗan wata takwas ya yi kwana uku yana tari da zazzaɓi. Kakarsu ta ce haƙori yake yi. Aka sayo maganin tari a kemis, aka yi ta ba shi, jiki ya ƙi. A rana ta huɗu suka kai shi asibitin sha-ka-tafi. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, ma'aikaciyar ba ta ɗauko wata na'ura ba. Ta jira yaron ya yi shiru, ta ɗage masa riga, ta zuba wa cikinsa ido tana duba agogon hannunta. Bayan minti ɗaya ta ce 58. Ta ƙara duba shi, ta ba su ƙwayar amoksisilin da ake narkarwa a ruwa, kuma ta yi musu faɗa sosai kan jinkirin da suka yi. Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Amma ita har yau cewa take yi, ai akwai agogo a wayar Ummanta tun ranar farko.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga huhu, ƙananan jakunkunan iskar da ke ciki sai su cika da ruwa da mugunya. Iskar da yaro ya shaƙa ba ta isarsa, sai ya riƙa numfashi da sauri don ya cike giɓin. Wannan saurin ake ƙirgawa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya yi numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5 kuwa 40. Lambobi uku ne kawai, 60, 50, 40. Mu da muka haddace jadawalin sau har zuwa goma sha biyu, wannan ba zai gagare mu ba.

Ciki ya ɗaga ya sauka, ɗaya ke nan. Dole yaron ya kasance a natse, ba yana kuka ko yana shan nono ba. Mun gwada a kan junanmu bayan an dawo daga tara, sai muka ga wanda ya shigo da gudu lambarsa ta yi sama, shi ya sa ake jira a huce. Kuma a cika minti ɗaya cif. Kada a ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar a ninka sau huɗu, domin jarirai sukan yi sauri su ɗan tsaya su ci gaba.

Akwai lokacin da ba a tsayawa ƙirga ma. Idan ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki sa'ad da ya shaƙi iska, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne.

Ra'ayinmu shi ne a koya mana wannan a aji. Mun zana huhu a littafin kimiyya, mun haddace sunayen sassansa saboda jarrabawa, amma ba a taɓa nuna mana yadda huhu mai ciwo yake sa yaro numfashi ba. Alhali mu ne masu reno. Idan Umma tana girki ko ta fita unguwa, a bayanmu jariri yake, mu ne muke jin yadda ƙirjinsa ke bugun bayanmu. Maza ma kada su ce babu ruwansu, ai su ake aika kemis.

Wani malaminmu ya ce yana tsoron kada mu zama likitocin ƙarya. Malam yana da gaskiya ta wani gefe, don mun san masu ba ƙannensu ragowar maganin da aka rubuta wa wani. Amma ƙirga numfashi ba ba da magani ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ma yana sa numfashi ya yi sauri, kuma mu ba za mu iya bambancewa ba. Namu kawai mu gane cewa lokacin zama a gida ya ƙare. Sauran aikin na ma'aikatan lafiya ne.

Wata matsalar kuma, a gida ba a cika jin maganar yaro ba. Idan ka ce, "Umma, kamar jikinsa ya yi tsanani," za a ce maka jeka ka yi wasa. Amma idan ka ce, "Umma, na ƙirga sau biyu, 56 ne, kuma bai kamata ya kai 50 ba," za a tsaya a saurare ka. Ko Baba ma zai tambaya a ina ka koyo.

Muna kuma tuna wa kowa ya duba katin rigakafin ƙanensa. Allurar da ake yi a sati 6, 10 da 14 tana cikin masu kare yaro daga nimoniya, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Sannan mu daina shiga madafa da goyo idan hayaƙin itace ya turnuƙe.

Ranar 12 ga Nuwamba ce ranar nimoniya ta duniya, ta zo ta wuce ba mu yi komai ba. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu darasi ɗaya tak, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana da idonmu. Kafin nan, ranar Alhamis lokacin tara muna ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis. Mun riga mun roƙi aron agogon bangon ɗakin malamai, wanda ke da tsinken daƙiƙa.