Sharhinmu: Wanda Ya Rasa Gida Kada Ya Rasa Haƙƙi

 

Ya 'yan uwa Musulmi, babu wanda yake zaune a Badarawa, ko Kwaru, ko Malali, da bai ga bayin Allah da fitina ta koro daga garuruwansu ba. Wasu sun zo daga Barno da Yobe tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, wasu kuwa 'yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa da Zamfara. Alhamdu lillahi, jama'a sun yi ƙoƙari wajen ba su abinci da sutura. Amma akwai wata musiba da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta takardu. Wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar takardar haihuwar 'ya'yansa ko ta gonarsa.

Illar wannan kuwa babba ce. Tun daga 2021 ɗalibi ba ya iya rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma layin wayar da ba a haɗa da ita ba rufe shi ake yi. Maraya yakan tarar da kuɗin mahaifinsa a banki, amma babu takardar shaidar mutuwa, balle a kai ga rabon gado.

Mafi tsanani shi ne halin matar da mijinta ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Kwamitin Red Cross na duniya ya yi rajistar sama da mutum 20,000 da suka ɓace a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa maso Gabas. Shari'a ba ta bar wannan baiwar Allah a rataye ba. A mazhabar Imamu Malik, matar mafƙudi tana kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Abin lura a nan shi ne, ƙirgen yana farawa ne bayan an kai maganar gaban alƙali. Don haka wadda ta yi shekara shida tana kuka a ɗaki, a hukunce ba ta ma fara jira ba. In kuwa mijin bai bar abin ciyar da ita ba, alƙali yana da ikon raba auren tun kafin wannan wa'adi. Ita ma dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 tana ɗaukar wanda aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba a matsayin mamaci. Amma wa ya sanar da matan nan haka?

A lokacin da yaƙin Yukren ya tsananta a 2022, ƙasashen Tarayyar Turai sun ba waɗanda suka gudo izinin zama, aiki da karatun yara cikin 'yan makonni. Nijeriya ma ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin bai wa 'yan gudun hijira takardun shaida da sake musu waɗanda suka salwanta. Saboda haka wannan haƙƙinsu ne, kada wani jami'i ya mayar da shi alfarma ko hanyar karɓar rashawa.

Mu kuwa Musulmi mu ne mafi cancanta da kula da rubutu da shaidu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Don haka muna kira ga kowane reshe da ya kafa kwamiti a masallacinsa, a rubuta sunayen baƙin unguwa, da aurensu, da haihuwarsu, da mamatansu, tun shaidun da suka sani suna raye. Matasa masu ilimin boko su raka su ofishin Hukumar Ƙidaya da wajen rajistar katin ɗan ƙasa. Malaman Islamiyya su karantar da mata hukuncin mafƙudi, lauyoyinmu kuma su tsaya musu a kotun shari'a saboda Allah.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.