Alƙalami Yana Bukatar Ƙafa

Shekaru da dama da suka wuce na rubuta wani gajeren labari wanda na ji daɗinsa ƙwarai. A cikinsa akwai wani manomi da ya gaji da noma a tsakiyar damina, ya je ya kishingiɗa a gindin gawo, ganyen bishiyar ya yi masa inuwa har barci ya ɗauke shi. Da na je ƙauyenmu hutu, sai na karanta wa gwaggona labarin, ina jiran yabo. Ta saurara har na kai ƙarshe, sa'an nan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a wace ƙasa wannan gawon naka ya tsiro? Namu dai da damina ko ganye ɗaya ba ya da shi." Matan gidan suka fashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma gaskiyarta. Gawo bishiya ce mai halin kanta. Idan ruwa ya sauka, sauran itatuwa suka yi kore shar, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya fayau. Idan rani ya yi, kowa ya bushe, sai ya tofo. Saboda haka ne manoma ba sa sare shi a gona: ba ya tare wa gero rana da damina, ganyen da ya zubar yana zama taki, da rani kuma awaki da shanu su sami inuwa da 'ya'yansa su ci. Duk yaron da ya taɓa kiwo ya san wannan. Ni da na karanta littattafai masu yawa, na wuce gawo sau ɗari ban ɗaga kai na dube shi ba.

Tun daga ranar na ɗauki wani ra'ayi wanda har yau ban sake ba. Duk mai son ya zama marubuci, wajibi ne ya mai da tafiya a ƙasa wani ɓangare na aikinsa, kamar yadda karatu yake. Ba ina nufin doguwar tafiya zuwa wata ƙasa ba. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, amma ba kowa ne zai sami irin wannan dama ba. Tafiyar da nake nufi ita ce wadda ba ta bukatar kuɗin mota: ka fita daga gida, ka bi hanya ɗaya, ka dawo, ka kuma sake bin ta a kowane lokaci na shekara.

Aikina koyarwa ne a Zariya, kuma rubutu ba ya ciyar da ni, kamar yadda ba ya ciyar da yawancin marubutanmu. Ina rubutu da asuba, sa'a guda kafin yara su tashi gida ya kaure da hayaniya. Sau uku a mako, bayan la'asar, nakan bi wata 'yar hanya daga bayan unguwarmu, ta ratsa gonaki, ta gangara zuwa bakin rafin Kubanni. Zuwa da dawowa bai fi sa'a ɗaya ba. A aljihuna akwai ɗan ƙaramin littafin rubutu da fensir. Na daina ɗaukar biro tun ranar da yayyafi ya jiƙa mini shafi huɗu, tawada ta narke, aikin wata guda ya tafi.

Abokaina sukan tambaye ni ko ban gaji da hanya ɗaya ba. Amsata ita ce, wanda yake sauya hanya kullum wurare yake gani, amma wanda ya riƙe hanya ɗaya shi ne yake ganin yadda lokaci ke aiki. Kukar da ke kan kwana, wadda na san ta da rassa tsirara kamar an kafa ta a kife, ita ce dai zan tarar ta yi ganye, mata suna tsinka don miya. Ba zan lura da wannan ba sai don na san yadda take jiya.

Lokacin da na fi cika littafina shi ne bazara, wato watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya kai maƙura. Mutane suna ƙin bazara, kuma ban ga laifinsu ba, domin dare ma ba ya sanyi. Amma a lokacin ne ƙasa take cike da alamu. Ɗorawa ta riga ta sako jajayen furanninta masu reto kamar tuntun hula, 'ya'yanta sun fara nuna. Mangwaro ya cika kasuwa. Itatuwa da yawa suna tofo tun ruwa bai sauka ba, abin da har yanzu yake ba ni mamaki. Manoma suna sassabe, suna tara kara da ƙaya suna ƙonawa, wasu masu ƙarfin hali har su yi binne, wato su shuka iri a busasshiyar ƙasa su jira ikon Allah. Sai wata rana ka ɗaga kai ka ga shamuwa, baƙa mai farin ciki, ta dawo daga kudancin Afirka tana neman inda za ta yi sheƙa a kan dogayen itatuwan gari. Tsofaffi suna ganin ta sai su ce damina ta kusa. Daga nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska ta taso da ƙura, ta watse ba ko ɗigo. Haka zai yi ta yi, yau da gobe, har ran da zai zubo. Ƙamshin da busasshiyar ƙasa take yi idan ruwan fari ya taɓa ta, na yi shekaru ina neman jimlar da za ta ɗauke shi, ban samu ba tukuna. Da daddare kuma shinge ya fito ya rufe fitilu, yara suna bin sa da kwanuka, kwaɗi su kwana suna kuka a kududdufi.

Da damina tafiyar takan yi wuya. A watan Agusta, lokacin marka, akan wuni ana ruwa, hanyar ta zama taɓo, dawa ta yi tsawo har ta rufe mutum. Nakan yi mako ban fita ba. Kaka kuwa ba ta bukatar mai ba da labarinta, kowa yana son ta: ga tumu, ga ɗanyar gyaɗa, ga dammunan gero a kan jakuna.

Hunturu shi ne malamina na biyu bayan Gwaggo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan busa daga arewa maso gabas, ta ɗauko ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Akwai wani tudu a hanyata inda nake hango Dutsen Kufena. Da wannan dutse nake auna hazo. Ran da na gan shi sarai, na rubuta. Ran da ya zama kamar inuwa, na rubuta. Akwai ranakun da yake ɓacewa ɗungum, kamar ba a taɓa yin sa ba, rana kuma ta zama fara fat har mutum ya iya kallon ta. A irin wannan lokaci leɓe yake tsagewa, kaushi ya kama ƙafa, masu shayi su yi ciniki, a fadama kuwa masu lambu suna ban ruwa ga tumatir da albasa. Dalibi zai iya rubuta "ana sanyi" ya wuce. Amma wanda ya fita ya gani zai rubuta yadda almajirai suka kewaye wutar kara da sassafe, kuma mai karatu zai ji sanyin a jikinsa ba tare da an ambaci sunansa ba.

Abin da ke damuna shi ne, rubutun matasanmu yana ta talaucewa ta wannan fuska. Ina duba rubutun ɗalibai kowane mako. A cikinsu kullum "wani tsuntsu" ne yake sauka a kan "wata bishiya". Ba balbela, ba hazbiya, ba carki. Ba tsamiya, ba kanya, ba marke. Labaran soyayya da yawa da ake sayarwa a kasuwa suna faruwa ne a falo da cikin mota, har ka gama littafi ba ka san ko da rani aka yi abin ko da damina ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan marubuta suka daina kiran abu da sunansa, masu karatu za su manta sunan, kuma abin da ba shi da suna ba a jin zafin rasa shi. Rimayen da aka san Zariya da su suna raguwa, kuma yaron da bai san sunan rimi ba ba zai tambayi inda suka tafi ba.

To, idan ka ga abu ba ka san sunansa ba fa? A nan ne kayan aikin marubuci suke shigowa. Na farko shi ne bakinka: ka yi sallama, ka gaida manomi ko makiyayi, ka tambaya. Ban taɓa tambayar wani dattijo sunan ciyawa ya ƙi faɗa mini ba, sai dai ma ya ƙara mini da amfaninta da abin da take warkarwa, har magariba ta yi. Bayan haka sai littattafai. A kan teburina akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2006, mai bayanin Hausa da Hausa. Akwai kuma ƙamus na G. P. Bargery na 1934, mai ɗauke da kalmomi sama da 39,000, wanda yanzu ana samun sa a intanet. Tun a 1916 wani likita mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a littafi guda. Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba a ɗaki suka ƙago kalmomin ba. Daga bakin manoma da maharba da masu magani suka ji su. Ɗauki ɗorawa kawai: ƙwayarta kalwa, wadda ake yin daddawa da ita, ga garin ɗorawa mai ruwan ƙwai da yara ke sha, ga makuba da ake samu daga ɓawonta ana shafe katanga da daɓe. Bishiya ɗaya, kalmomi barkatai. Amma ni a ganina ƙamus wurin tabbatarwa ne. Ka fara gani da idonka, sa'an nan ka buɗe shi. Wanda ya fara da ƙamus yakan cusa wa rubutunsa manyan kalmomin da shi kansa bai san kamanninsu ba, kuma mai karatu yana ganewa.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wani zai ce wayar hannu ta wadatar, duk hoton da kake so yana ciki. Lalle waya tana da amfani, ni ma nakan ɗauki hoton ganye in nuna wa wanda ya sani. Sai dai waya ba za ta gaya maka cewa ƙaiƙayin gero yana hana barci ba, ko yadda ƙarangiya take manne wa wando. Wani kuma zai ce zamanin nan shiga daji hatsari ne. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba zan ce wa kowane yaro ya yi nisa da gari ba. Ni kaina na rage tsawon hanyata, ba na kuma bari duhu ya same ni a waje. Amma ba sai an shiga daji ba. Hanyar makaranta ta isa. Bishiyar darbejiya da ke ƙofar ajinku tana fure, tana 'ya'ya, tana zubar da ganye, kuma zan yi mamaki idan akwai mutum uku a ajin da za su iya faɗin watan da take yin kowanne.

Ku ɗaliban da kuke koyon Hausa a Ibadan ko Inugu ko Kalaba, kuna da wata riba da mu ba mu da ita. Yanayinku ya bambanta da wanda littattafan Hausa suke siffantawa. A Ibadan ruwa yakan fara tun wajen Maris, ya ɗan tsagaita a Agusta, daidai lokacin da mu a Arewa muke tsakiyar marka. Hunturun da yake wata uku ko fiye a wurinmu, a bakin teku ɗan taƙi ne. Kada ku kwafi daminar Kano ku ɗora wa garinku, domin kuskurena na gawo ke nan. Ku rubuta taku da Hausa. Ku raba shafi gida biyu, ku sa sunan abu da harshenku a hagu, da Hausa a dama. Abin da Bahaushe ya kira hunturu, Bayarabe yana ce masa oye, Ibo kuma uguru. Daddawarmu ita ce iru a ƙasar Yarbawa. Wani lokaci za ku tarar da tsiron da ba shi da suna a Hausa sam, domin ba ya fitowa a Arewa. A nan sai ku siffanta shi: tsawonsa, launinsa, ƙamshinsa, wanda yake cin sa. Wannan siffantawa ita ce aikin da ya fi koya wa mutum harshe, fiye da haddar jerin kalmomi.

Ba duk abin da na rubuta a hanya nake amfani da shi ba. Littattafan aljihuna sun cika akwati guda, kuma mafi yawan abin da ke cikinsu ba zai taɓa shiga wani labari ba: kwanan wata, launin sama, yawan balbelun da na ƙirga a bayan garken shanu. Amma idan na zauna da asuba ina son in sa wani mutum a gona a watan Yuli, ba na ƙage. Nakan jawo littafin Yulin bara in duba. Labarin manomin nan ma na sake rubuta shi, na tashe shi daga gindin gawo na mai da shi gindin tsamiya. Da na karanta wa Gwaggo, sai ta ce inuwar ta yi, amma ita ba za ta yi barci a gindin tsamiya ba ko da an biya ta, saboda abin da aka ce yana zama a can. Na ciro fensir na rubuta wannan ma.