A Daina Sayar Wa 'Yan Gwangwan Bindigogin Kakanni

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana mutanen karkara game da tsofaffin bindigogin toka da muka gada, waɗanda wasu ke bai wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli kamar ɓulallen kwano.

Jama'a, bindigar ƙanƙara ba ƙarfen banza ba ce. Ku dubi yadda take tashi: ka ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa ɗan kaskon albarushi, wuta ta bi ƙaramin rami ta shiga ciki. Kafin ita ma an yi wadda sai an kunna igiya an dangwala mata. Aibin ta ƙanƙara kuwa duk maharbi ya sani. Raɓa ta taɓa ta, ta ƙi tashi. In ta tashi, walƙiya da hayaƙi su riga harsashi fita, tsuntsu ya gani ya yi gaba.

Wannan aibi ne ya dami wani limamin coci a ƙasar Sikotilan, Alexander Forsyth, mai son harbin agwagin ruwa. A 1807 ya yi rajistar dabararsa. Ya maƙala wa bindiga wani ɗan ƙarfe mai siffar kwalbar turare, cike da garin da ke fashewa in an doke shi. Ka juya kwalbar ta zubo kaɗan, guduma ta doka, nan take ta tashi, ba ruwanta da ƙanƙara. Wajen 1820 kuma aka fito da 'yar hular tagulla wadda ta gaje ta. A Ingila irin waɗannan bindigogi suna gidajen tarihi cikin gilashi, attajirai kuma suna rububinsu a gwanjo.

To mu fa? Ban ce tamu za ta yi kuɗin ta Forsyth ba. Ni manomi ne mai ɗan tireda, na san zafin neman kuɗin taki. Amma wallahi abin da ɗan gwangwan zai ba ka bai kai ka raba jikokinka da aikin maƙeran da ba.

Ina kira ga dagatai da sarakunan maharba su sa a rubuta sunan mai kowace bindiga da maƙerin da ya ƙera ta, in an sani. Wanda ba zai iya ajiyewa ba ya tuntuɓi gidan tarihi, kamar Gidan Makama na Kano. Kuma don Allah kada a bar samari su ɗura ta ranar Sallah, domin wadda tsatsa ta ci cikinta tana iya tsagewa a hannu.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi mai ɗan tireda.