Masu sauya manhajar ajiye bayanai duk wata, yaushe za ku rubuta babi na biyu?

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo, kuma na san wasu za su ji haushina.

Jiya a ƙofar ɗakin karatu na Ramat na haɗu da wani ɗan ajinmu na masta, idanunsa sun yi ja. Na ɗauka karatu ya kwana yi. Ashe kwana uku ke nan yana kwashe bayanan bincikensa daga Notion zuwa Obsidian, wai ya ga wani Bature a YouTube ya ce nan ne ake gina "ƙwaƙwalwa ta biyu". Wata huɗu da suka wuce, shi ɗin dai ne ya kwashe su daga OneNote zuwa Notion. Na ce masa, to Malam, babi na biyu fa? Ya ce sai ya gama shirya tsarin tukuna. Sufabaizansa kuwa mako biyu ya ba shi.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na yi wannan ciwon. A shekarata ta farko sau huɗu na sauya wurin ajiye bayanai. Kowace sauyawa kuma tana zuwa da nata fulogin, wato 'yan ƙananan kayan aikin nan da ake liƙa wa manhaja don ta ƙara iyawa: wannan na kalanda, wancan na tebur, wancan na zana maka yadda bayananka suka haɗu kamar saƙar gizo-gizo. Sai ka wuni kana gyara launi da jera manyan fayil, dare ya yi ka ji ka gaji, ka ɗauka aiki ka yi. Wallahi ba aiki ba ne. Gudun aiki ne, ya sa babbar riga.

Kuma ba lokaci kaɗai yake ci ba. A sauyawata ta uku, na fitar da hirarrakin da na yi da mutane da Hausa daga wata manhaja da ba zan kira sunanta ba. Da na buɗe su a sabon wuri, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take ta koma alamar tambaya. Haka ma harafin ǝ na kalmomin Kanuri da na rubuta. Dalili kuwa, an fitar da rubutun ne a wani tsohon tsarin haruffa da bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, maimakon UTF-8. Tunda dukansu alama ɗaya suka koma, ba yadda za ka ce wa kwamfuta ta gyara su lokaci guda. Layi-layi na bi da hannu, fiye da mako ɗaya. Wanda ya yi bidiyon da ya ruɗe ni da Turanci yake rubutu, bai taɓa sanin akwai wannan matsalar ba, kuma ba zai taɓa faɗa maka ba.

Amma abin da ya yi mini magani na gaske shi ne ruwa. Duk wanda yake Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 ya san me nake nufi. Da dam ɗin Alau ya ɓalle, mu 'yan Gwange da muke bakin kogin Ngadda ba mu tsaya ɗaukar kaya ba, rai muka ɗauka. Kwamfutata ta kwana a cikin ruwa, ba ta sake tashi ba. Abin da ya rage mini shi ne kwafin bayanaina da na tura wa kaina ta imel kafin nan, ba don wayo ba, sai don kawai ba shi da nauyi. A gidan 'yan uwan da muka fake na buɗe shi a wayar ƙanwata. Duk abin da na rubuta a matsayin rubutu zalla ya buɗe lafiya lau, harafi bai ɓace ba. Kyawawan teburan nan kuwa da nake alfahari da su, na jerin littattafan da na karanta da ra'ayin kowane marubuci, sai na tarar da 'yan layukan umarni kawai, babu komai a ciki. Ashe teburan ba sa cikin fayil ɗin. Fulogin ne yake haɗa su duk lokacin da ka buɗe. Babu shi, babu su.

Wannan shi ne abin da masu tallar manhaja a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp ba sa gaya wa ƙannenmu. Bayanan bincikenka za su zauna tare da kai shekara biyu, uku, wani har digirin digirgir. Manhaja kuwa ba ta yi maka alkawarin komai ba. Atom editan rubutu ne da dubban mutane suka gina wa fulogin, GitHub ta rufe shi a Disamba 2022. Evernote, bayan kamfanin Bending Spoons ya saye shi, a ƙarshen 2023 ya taƙaita masu amfani da shi kyauta ga bayanai 50 kacal. Ka ce za ka biya? Da dala ake biya, kai kuma da naira kake neman kuɗin data da na Keke zuwa titin Bama. Fulogin kuma galibi mutum ɗaya ne ya rubuta shi a lokacin hutunsa. Ranar da ya samu sabon aiki ko ya gaji, shi ke nan, kai da ka jingina kundinka a kai sai ka san yadda za ka yi.

Sannan ku tuna inda muke. Garin nan ya yi dogon zama cikin duhu tun da aka kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a farkon 2021. Mun san caji a shago, mun san sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Ɗalibin da yake nan bai kamata ya ajiye tunaninsa a wurin da sai da intanet mai ƙarfi da sabuwar kwamfuta zai iya isa gare shi ba.

Abin da nake cewa ba wani sabon abu ba ne. Ka rubuta bayananka a rubutu zalla. In kana son kanun magana da jeri, akwai Markdown, wanda John Gruber ya fito da shi tun 2004, kuma koyonsa bai kai minti goma sha biyar ba. Notepad zai buɗe shi, waya mafi araha za ta buɗe shi. Kundi mai kalmomi 30,000 a wannan sigar bai wuce kilobait 200 ba, hoto ɗaya na biki ya fi shi nauyi. Obsidian ɗin ma ai a Markdown yake ajiye fayil a kan na'urarka, shi ya sa ba ni da rigima da shi. Rigimata da wanda zai ɗora masa fulogin talatin har bayanan su zama ba sa karantuwa sai da su.

Na san abin da za a ce: ai sufabaiza Word yake so. Gaskiya ne, kuma ka ba shi Word ɗinsa, kada ka je kana yi wa Farfesa lakca a kan Markdown. Pandoc kyauta ne, yana mayar da Markdown zuwa Word da umarni ɗaya. In ma ba ka son wannan wahalar, rubuta babin a Word kai tsaye, ka bar bayanan karatu a rubutu zalla, ka bar Zotero ya riƙe maka madogara. Sauran masu kawo mini sunan Niklas Luhmann, wai ai shi ma da tsari ya rubuta littattafai masu yawa: e, masanin zamantakewar nan na Jamus ya bar katunan bayanai kusan 90,000. Amma takarda ce da akwatin katako, kuma shekaru da dama ya yi a kansu yana cika su. Bai kwashe su zuwa sabon akwati duk zangon karatu ba.

Ban ce haramun ne sauyawa ba. In manhajar da kake kai ba ta bari ka fitar da bayananka, ko tana cinye maka ƙ da ɗ, to tashi ka bar ta yau, sau ɗaya, zuwa sigar da ba za ka sake buƙatar gudu daga gare ta ba. Kafin ka kwashe komai, gwada da fayil biyar masu Hausa a ciki ka gani. Amma sauyawa don wani ya saka hoton allonsa mai kyau a sitatus, haba ɗan uwa.

Shi abokin nawa mun yi da shi zai kashe duk fulogin ɗinsa yau da daddare, ya tura wa kansa kwafi ta imel, ya buɗe a waya ya ga abin da ya rage. Na ce ranar Alhamis ya kawo mini shafi biyar na babi na biyu, ko a takardar fulsikaf ne. In bai kawo ba, shi zai biya kuɗin shayi da burodi.