Ku Buɗe Kwalin, Don Allah

Akwai wata ɗabi'a da ta kama masu tara mutum-mutumin wasa na Transformers, musamman a Amurka, wadda na daɗe ina haɗiye maganarta, yau kam sai na amayar. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi abin da aka ƙera don ya riƙa rikiɗa, daga mota ya koma mutum, daga mutum ya koma mota, amma ya rantse ba zai taɓa buɗe kwalinsa ba. Bai tsaya nan ba. Sai ya aika shi kamfanin tantancewa irin su AFA, a duba kusurwoyin kwalin, a ba shi maki, a rufe shi ruf cikin akwatin roba mai kama da gilashi wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Daga ranar nan abin ya gama rikiɗa har abada. Su a wajensu wannan ita ce ƙarshen ƙauna. Ni a wajena jana'iza ce.

Bari in kore shakka tun da wuri. Ba na cikin masu yi wa mai gemu dariya don ya tara kayan wasa. Wani tattabaru yake kiwo, wani tsofaffin kaset na Shata yake adanawa, wani kan sarki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Rigimata da mai rufe kwali ce kaɗai.

Mu koma tushe. Kamfanin Takara na Japan ne ya fara ƙera waɗannan kaya a ƙarƙashin sunayen Diaclone da Micro Change a farkon shekarun 1980. Kamfanin Hasbro na Amurka ya sayi izinin sayar da su, ya haɗe su wuri ɗaya, ya fito da su a 1984 da sunan Transformers, marubutan Marvel kuma suka raɗa musu sunaye suka ƙaga musu labari. Babbar motar ɗaukar kaya ta zama Optimus Prime, bindigar Walther P38 ta zama Megatron, rikoda mai kaset ta zama Soundwave, 'yar ƙaramar Volkswagen ta zama Bumblebee. To ina gwanintar take? Tana cikin gaɓoɓin. Wani injiniya ya zauna ya yi ta lissafin yadda gaban mota zai zama ƙirji, bayanta ya miƙe ya zama ƙafafu, kai ya ɓuya inda ba a zato. Wannan wasa ƙwaƙwalwa ne da ake warwarewa da yatsu. Wanda bai taɓa jin gaɓa ta ce "ƙas" ta zauna daidai mazauninta ba, bai san abin da ya saya ba, ko da dala dubu ya biya.

Za a ce mini: ai dama talla ce, kamfani kuɗi yake nema, mu ma sai mu nema. Na yarda talla ce. Fim ɗin zanen da aka fara nunawa a talabijin a 1984 an shirya shi ne don a sayar da kayan, a daidai lokacin da gwamnatin Reagan ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara. A fim ɗin silima na 1986 kuwa har kashe Optimus Prime aka yi don a share fage wa sababbin kaya. Amma me ya biyo baya? Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ta ƙorafi, dole aka dawo da shi da rai a 1987. Yaran nan ba kwali suke yi wa kuka ba. Abin da suka kwana da shi a ƙarƙashin matashi, suka karya masa hannu, suka ɗaure da zare, shi suke yi wa. Duk darajar da Optimus Prime yake da ita yau, hannuwan yaran nan ne suka gina ta. Mai rufe kwali yana cin gadonsu ne, alhali yana ƙyamar abin da suka yi.

Sai hujja ta biyu: wai jari ne, ajiya maganin wata rana. A nan ma lissafin bai fita ba. Abin da ya sa rufaffen kwalin 1984 yake tsada shi ne kusan kowane yaro ya yage nasa a ranar da aka ba shi. Ƙarancin ne ya kawo kuɗin. Yau kuwa dubban mutane kowa ya sayi biyu, ɗaya ya ɓoye a ɗaki. Idan kowa ya ɓoye gero yana jiran tsada, ranar da aka buɗe rumbuna wa zai saya? An taɓa ganin irin wannan a kasuwar littattafan labarin zane. A ƙarshen 1992 mutane suka yi rububin sayen fitowar da aka kashe Superman a ciki, suka adana a leda suna jiran arziki. An buga miliyoyi, don haka arzikin bai zo ba. Kasuwar ta rufta, har Marvel ta shigar da takardar karayar arziki a 1996.

Ita kanta robar ba ta san alkawari ba. Farar roba tana komawa rawaya, tayoyi suna tsagewa, batir ɗin da aka bari a ciki yana zubar da ruwa ya cinye waya. Akwai wata roba mai launin zinariya da aka yi amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, wadda masu tarawa suka san ta da rugurgujewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Kana can kana gadin kwali, abin da ke ciki yana ruɓewa a tsaye.

Da a ce asarar a kansu kaɗai take ƙarewa, da na yi shiru. Amma wannan tunani na jari shi ya haifi 'yan baranda, masu kwashe sabon kaya daga kanti da shafukan sayarwa tun ranar fitowarsa, su koma intanet su ninka kuɗin. Uba ya zo da ɗansa ya tarar da kanta wayam. Kamfanonin ma sun gane inda aljihu mai nauyi yake. Takara ta buɗe jerin Masterpiece na manya a 2003, a 2019 kuma Hasbro ta nemi mutum 8,000 su biya kusan dala 575 kowannensu tun kafin a ƙera musu Unicron, kuma aka samu. Ba laifi ba ne a yi wa manya nasu. Laifin shi ne a mai da kasuwar yara gidan caca.

Akwai gaskiya guda da zan ba su: tarihi yana bukatar a adana wasu yadda suka fito. Amma wannan aikin gidan tarihi ne, irin su The Strong da ke Rochester a jihar New York, inda jama'a za su shiga su gani. Ba aikin mutum dubu goma ba ne kowa da nasa a bayan ƙofa.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ya ga yaro ya ƙera motar kara ko ta gwangwani, ya ja ta a rairayi har ta wargaje, gobe ya ƙera wata. Yaron nan ya fi mai akwatin gilashi sanin amfanin abin wasa.

Saboda haka, ɗan uwa mai tarawa, ɗauko reza. Yanka ledar a hankali, fito da shi, lanƙwasa shi ya zama mota, mai da shi mutum. In akwai yaro a kusa, miƙa masa. Idan gaɓa ta karye, ta karye a bakin aiki.