Tsohuwar RAV4 a hanyar Goronyo: wa ya kamata ya riƙe ta?

A Wurno da Rabah da Goronyo, inda kwalta kan ƙare ta bar direba da rairayi da lakar fadama, tsohuwar Toyota RAV4 ko Honda CR-V tana da ranarta. Ƙasanta a ɗage yake, tana ɗaukar buhunan albasa da shinkafa, kuma bakanikan Sakkwato sun san cikinta.

Sai dai lissafi ya sauya tun 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, faɗuwar naira kuma ta tsauwala farashin kayan gyara. Tsohon inji ya fi shan mai.

Abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne tsaro. A yankin da 'yan bindiga ke tare hanya, mutuwar mota da almuru na iya zama batun rai. Saboda haka riƙe ta ya dace ne da wanda zai riƙa kai ta gareji tun kafin ta yi gardama. Wanda aljihunsa ba zai ɗauka ba, gara ya sayar tun tana da daraja.