Tsakanin kifin shak da masu hawan igiyar ruwa: Wa ya shiga gidan wani?

Ranar 19 ga watan Yulin 2015, jama'a a sassan duniya suna kallon zagayen ƙarshe na wata gasar hawan igiyar ruwa kai tsaye ta talabijin daga gaɓar Jeffreys Bay da ke Afirka ta Kudu. Ga wanda bai san wasan ba, mutum ne zai kwanta bisa wani dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya yi nisa cikin teku, sa'annan ya miƙe tsaye a kan allon, igiyar ruwa ta kwaso shi zuwa gaɓa. Mick Fanning, ɗan ƙasar Ostareliya wanda ya zama zakaran duniya har sau uku, yana zaune bisa allonsa, sai ga ƙaton kifin shak ya ɓullo ta bayansa ya tunkuɗe shi cikin ruwa. Fanning ya kai wa kifin naushi, masu ceto suka garzayo suka tsamo shi ko ƙwarzane babu.

Ba kowa ke samun irin wannan sa'a ba. A watan Oktoban 2003, a tsibirin Kauai na jihar Hawai da ke Amurka, kifin shak ya cire wa Bethany Hamilton hannun hagu tana 'yar shekara 13. Wasu kuwa da yawa ba su fito da rai ba.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, kira ɗaya ake ji daga jama'a, wato hukuma ta fita ta karkashe kifayen. A nawa ra'ayin, wannan kira na ɓacin rai ne, kuma hukumar da ta amsa shi tana huce wa jama'a haushi ne kawai, amma kariyar da take ba su kaɗan ce.

Bari mu fara da alƙaluma. Cibiyar da ke tattara bayanan harin kifin shak ta duniya, wadda ke jihar Florida ta Amurka, ta ƙirga cizo 69 a shekarar 2023 waɗanda ba tsokana ce ta jawo su ba, mutum 10 suka mutu. A 2024 cizon ya sauko zuwa 47, mutum huɗu suka mutu. A ɗaya ɓangaren kuma, wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa ɗan Adam yana kashe kifin shak kimanin miliyan 100 a kowace shekara, wani kuma na 2021 ya nuna cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Mai karatu ya ɗora waɗannan a kan sikeli, ya ga wanda ya fi cancanta ya ji tsoron wani.

Abu na biyu shi ne dalilin cizon. Masu hawan igiyar ruwa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin kuwa suna ɗaukar sa'o'i a wuraren da kifin ke farauta. Masu bincike a Jami'ar Macquarie ta Ostareliya sun nuna a 2021 cewa idan matashin farin shak ya dubo daga ƙasan ruwa, idonsa ba ya iya bambance mutumin da ke kwance bisa allo da dabbar nan mai kitse da ake kira sil, wadda take abincinsa. Shi ya sa sau tari kifin kan yi cizo ɗaya ya saki, sai dai cizo ɗaya daga irin wannan baki ya isa ya sa jini ya ƙare kafin a kai asibiti. Kifin yana gidansa yana neman abinci, baƙo ne ya shigo da kamannin abincin.

To, kisan yana magani? Jihar Yammacin Ostareliya ta gwada. Bayan mutuwar mutum bakwai tsakanin 2010 da 2013, gwamnatin jihar ta ɗaɗɗana manyan ƙugiyoyi masu ɗauke da nama a kusa da gaɓa daga watan Janairu zuwa Afrilun 2014. An kama shak 172, kusan dukansu irin mai zanen damisa ne. Babban farin shak, wanda aka fi zargi da kisan mutanen, ko ɗaya bai faɗa tarkon ba. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar kare muhalli ta jihar ta ba da shawarar kada a ci gaba, aka kuma janye shirin. Haka nan ragar da aka fara shimfiɗawa a tekun Durban tun 1952, duk da ana yaba mata da rage hare-hare, ta daɗe tana halaka kunkurun teku da sauran halittun da ba su ji ba ba su gani ba.

Ban manta da masu ja da wannan ra'ayi ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. A tsibirin Reunion, mallakar Faransa a tekun Indiya, mutum 11 ne shak ya kashe tsakanin 2011 da 2019, cikinsu har da yara. A 2013 hukuma ta hana iyo da hawan igiyar ruwa a galibin gaɓar tsibirin, makarantun koyar da wasan suka rufe, masu cin abinci da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka shiga wani hali. Uban da ya binne ɗansa ba ya bukatar a karanta masa alƙaluma, kuma rashin tausayi ne a ce masa wa ya aiki yaron. Haƙƙin hukuma ne ta kare rayukan jama'arta. Abin tambaya kawai shi ne, ta wace hanya?

Birnin Cape Town ya ba da amsa mai sauƙi. Tun 2004 aka fara ɗaukar mutane aiki suna zama a kan tsaunukan da ke kallon gaɓa irin ta Muizenberg, da madubin hangen nesa a hannu. Da zarar sun hango shak, sai a kaɗa jiniya a ɗaga tuta, kowa ya fito har kifin ya wuce. Shirin ya samar wa matasa aikin yi ba tare da an kashe kifi ba. Gaskiya ne dabarar tana bukatar tudu da ruwa garau, don haka ba ko'ina za ta yi ba. Amma jihar New South Wales ta Ostareliya ta nuna wata hanyar: ana shawagi da jirage marasa matuƙa a saman gaɓa, ana kuma kama shak a liƙa masa na'ura a sake shi can nesa, ta yadda in ya kusanto za a sanar da jama'a ta wayoyinsu. Rigakafi dai ya fi magani.

Su ma masu wasan akwai nasu nauyin. An daɗe ana gargaɗinsu da su guji shiga ruwa da asuba ko da almuru, su nisanci bakin kogi bayan ruwan sama lokacin da ruwa ya gurɓace, kada kuma mutum ya shiga shi kaɗai. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da wannan gargaɗi ya san abin da ya saya.

A ƙarshe, yana da kyau mu lura da halin waɗanda abin ya shafa da kansu. Bethany Hamilton ta koma kan allonta cikin 'yan makonni da hannu ɗaya, ta kuma ci gasar ƙasa a 2005. Fanning ya koma Jeffreys Bay a 2016 ya lashe gasar da shak ya katse masa. Kowannensu ya koma ruwa da sanin cewa akwai masu gida a ciki. Kuɗin da gwamnatoci ke kashewa wajen sayen ƙugiya da nama, in da za a zuba su wajen ɗaukar masu gadi, sayen na'urorin hange da horar da jama'a dabarun tsayar da jini a bakin teku, da an fi ceton rayuka.